Kauci a Reshen Mangwaro

Abin ya fara ne da jan biro, wata ranar Asabar, a gindin mangwaron da ke bayan ofishin shugabar makaranta.

Malama Elisabatu ta karanto tambaya daga tsohuwar takardar jarrabawa. "Lebura shida sun gama gini a kwana goma sha biyu. Kwana nawa lebura takwas za su yi?"

"Tara," in ji Nafisa, tun kafin a rufe baki.

Tabita, 'yar Malamar ta cikinta, ko shidan ba ta gama rubutawa ba. Ta ɗago ta harari ƙawarta. "Ke dai Allah ya shirye ki. Ki bari mutum ya numfasa mana."

Daga can cikin furanni Malam Mamman mai lambu, mahaifin Nafisa, ya miƙe da tiyo a hannu. "Malama, wannan lissafin naku da gyara. Ai ya danganta da wanda ke tsaye a kansu. Na san lebura takwas a Ringim da suka yi wata uku a kan katanga ɗaya."

Aka fashe da dariya, har da Malamar.

Makarantar kuɗi ce a Nassarawa GRA, irin wadda motoci masu baƙin gilashi ke toshe mata layi kowace safiya. Ma'aikatanta su ke koyar da 'ya'yan manya, su share musu aji, su ba furanninsu ruwa, amma nasu 'ya'yan suna makarantar gwamnati. Sai dai duk shekara mai makarantar, Hajiya Maryam Nana, takan buɗe ƙofa guda: gurbi ɗaya tal a sakandare, kyauta, shekara shida, har littattafai da kayan makaranta, ga ɗan ma'aikacin da ya zo na ɗaya a wata jarrabawa da ake kawowa daga waje. Bana yara tara ne suka sa suna, amma kowa ya san tsakanin biyu za a kara, Tabita da Nafisa.

Elisabatu da bakinta ta ce wa Malam Mamman ya riƙa kawo yarinyar duk Asabar ta haɗa su ta koya musu, kuma ko sisi ba ta karɓa. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Wannan kam ko a gaban Allah za ta iya tsayawa a kai.

Ran nan ta jawo littafin Nafisa za ta duba. Shafin fes, kamar an wanke. Lambar tambaya, sai amsa. Lambar tambaya, sai amsa. Duk daidai. Yarinyar a ka take lissafi, amsa kan faɗo mata ne kamar nunannen mangwaro.

Elisabatu ta taɓa zama cikin masu duba irin wannan jarrabawa, ta san yadda ake rabon makin. Kowace tambaya maki biyar ce. Huɗu na hanyar da yaro ya bi ne, mataki bayan mataki. Ɗaya kacal ne na amsa. Wanda ya rubuta amsa tsurarta, komai daidanta, maki ɗaya zai kwasa.

Ta ɗora bakin biro a gefen shafin za ta rubuta, "Nuna aikinki."

Biron ya tsaya.

Ta tuna Martin, mijinta, shekara huɗu ke nan yana kwance a maƙabartar Wusasa. Ta tuna ajin Tabita a Giginyu, yara sun fi ɗari, rabinsu a ƙasa, allon ya koɗe har alli ba ya kama shi. Ba wata murya mai ban tsoro ta ji ba. Muryarta ce, a natse, da hankali: *Ba yau ba. Kar ki sare wa yarinya gwiwa. Mako mai zuwa kya gaya mata.*

Ta ja alamar daidai, doguwa, ta rufe littafin.

Mako mai zuwa ya zo ya wuce. Na bayansa ma haka. Ai ba ƙarya ta yi ba, in ji zuciyarta, shiru kawai ta yi, shiru kuwa ba zunubi ba ne. A gida kuma, a ɗakinsu na haya, sai ta tsare Tabita da bulalar baki: "Rubuta kowane mataki! Ko ɗaya da ɗaya kika haɗa, ina so in gani a takarda."

A mako na biyar ta ji bakinta yana cewa, "Kai, Nafisa, aikinki akwai tsabta." Yarinyar ta yi murmushi har kunne. Wannan ma ai gaskiya ce, aikin da tsabta.

A mako na takwas Nafisa ta zo da tambaya.

"Anti, malaminmu ya ce wai in riƙa rubuta yadda na yi na samu amsa. Wai haka ake so?"

Tabita ta tafi shan ruwa a famfo. Malam Mamman yana can bakin get yana aske shinge, ƙarar almakashinsa kawai ake ji. Ba kowa. Elisabatu ta ji kamar an buɗe mata ƙofa biyu a lokaci guda, kuma ta san sarai inda kowacce ta nufa. Abin da ya ba ta mamaki daga baya shi ne yadda maganar ta fito sumul, kamar ta daɗe a shirye tana jiran a kira ta.

"Wannan na makarantar gwamnati ne," ta ce. "Masu duba tamu jarrabawar manyan mutane ne, ba su da lokacin karanta kwashe-kwashe. Ki yi lissafinki a ka, ki ba su amsa fes. Shi ke burge su."

"To, Anti. Na gode."

Da aka tashi, Malam Mamman ya biyo ta da leda cike da ganyen zogale. "Malama, a yi wa Tabita kwaɗo. Ni ban yi boko ba, ban san abin da kuke rubutawa ba. Amana ce na ba ki, kuma na ga kin riƙe. Allah ya saka."

Ta karɓa da hannu biyu. Ledar ba ta da nauyi, amma kafin ta kai titi sai da ta sauya hannu sau uku.

Daga nan abubuwa suka fara bushewa. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu, muryarta kan sa tsofaffi share hawaye da bakin zane. Muryar tana nan, ba ta dishe ba, amma ita ba ta jin komai, kamar rediyo ne ke yi a ɗakin maƙwabta. In ta durƙusa addu'a da safe, tana zuwa wurin da ake roƙon tsari daga jaraba sai harshenta ya yi nauyi, ta yi sauri ta tsallake. Abin da ya fi ba ta tsoro, ta fara jin haushin Nafisa. Dariyar yarinyar, yadda take cewa "Anti", har ɗan hijabinta ruwan toka mai faci a kafaɗa. Yarinyar ba ta yi mata komai ba. Ita ce ta yi wa yarinyar, shi ya sa ba ta son ganinta.

Ranar Asabar ta ƙarshe, saura kwana biyu jarrabawa, ta shigo makaranta ta tarar an janye bencinsu daga gindin mangwaro. Malam Mamman yana sama, ya naɗe ƙafar wando, da adda a hannu. Reshen da yake sara shi ne mafi girma, wanda ke ba su inuwa, ga 'ya'ya sun yi masa nauyi.

"Malam Mamman! Lafiya? Me reshen nan ya yi maka?"

"Matsa baya, Malama! Ku ma ku matsa!"

Sara uku, sai reshen ya yi ƙara kamar ana yaga sabon yadi, ya taho ƙasa. Ƙasa ta girgiza. Ɗanyun mangwaro suka watsu har bakin ofis, yaran suka bi su da gudu suna ihu.

Ya sauko yana haki, ya yafito ta. "Zo ki gani."

A tsakiyar reshen akwai wani cunkus na ganye daban, kore shar, ya fi na mangwaron kyau, da jajayen furanni sirara kamar tsinken ashana.

"Kauci ke nan," ya ce. "Ba shi da saiwa a ƙasa. Ɗan tsuntsu ne ke kawo shi. Ya sha 'ya'yan a wata bishiya, ƙwallon ya manne masa a baki, sai ya zo nan ya goge. Ƙwallon bai kai ƙwayar dawa ba, ga danƙo. Shi ke nan, ya zauna."

"To ba sai ka cire shi kawai ba? Sai ka sare reshe guda?"

Ya ɗora adda a kan kumburin da kaucin ya fito, ya buga da guduma, icen ya rabe biyu. Elisabatu ta sunkuya.

Ba ta taɓa ganin irin wannan ba. A waje ɗan kumburi ne kamar dunƙulen hannu. A ciki kuwa abin ya yi yatsu, ya bi jijiyar icen, ya ratsa ta dama da hagu, ya saje da naman mangwaron har ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Duk ruwan da bishiyar ta jawo daga ƙasa, ta nan yake bi. Shekara da shekaru tana ciyar da abin da ke kashe ta, kuma daga nesa ganyenta bai taɓa yin kore irin na bana ba.

"Laifina ne," in ji Malam Mamman yana share gumi da hula. "Shekara uku da suka wuce na gan shi, bai fi ɗan yatsa ba. Da farce ma zan iya kankare shi. Na ce bari sai gobe. Da ya yi fure kuma na ga ya yi kyau. Yau ga shi ya ci min reshe. In na ƙara shekara, uwar zai kama."

Rana tsaka, zafin Afrilu na dukan ƙeya, amma sanyi ta ji har cikin ƙashi. Mutumin nan maganar itace yake yi, bai san komai ba. Amma ta ji kamar wani ne ya tsaga ta biyu ya ce, zo ki gani.

Ta koyar da darasin ranar a rana, ba inuwa. Ba ta faɗa wa Nafisa gaskiya ba. Saura kwana biyu kawai, in ji muryar. Bayan Litinin kya tuba.

Lahadi da safe, tana ɗaura ɗankwali za su tafi coci, idonta ya faɗa kan takardar gwajin da Tabita ta yi jiya. Ta ɗauka.

Lambar tambaya, sai amsa. Lambar tambaya, sai amsa. Shafin fes.

"Tabita! Mene ne wannan? Ina aikin?"

Yarinyar ta fito da takalmi ɗaya a hannu. "A wata takarda na yi na yar. Nafisa ce ta faɗa min sirrin. Ta ce kin ce masu dubawa amsa fes suke so. Ta ce bai kamata ita ta sani ni ban sani ba." Ta ɗan turo baki. "Mama, ke da ba ki faɗa min ba."

Elisabatu ta zauna a bakin gado ba shiri. Ramin da ta haƙa, 'yarta ce a bakinsa. Kuma wadda aka haƙa domin ta, ita ce ta kamo hannun Tabita, don ƙauna, ta ce zo mu tafi tare.

"Saurara," ta ce. "Gobe ki rubuta kowane mataki. Kowanne. Maki huɗu na aiki ne, ɗaya na amsa. Kin ji ni?"

Tabita ta shiga lissafi a ranta, irin nata, a hankali, mataki bayan mataki. Elisabatu tana kallon fuskar 'yarta har lokacin da ta iso amsar.

"To Nafisa fa?"

"Ba ruwanki da Nafisa. Ki kama bakinki har a gama."

Ta faɗa. Da kunnenta ta ji ta faɗa. Yarinyar ba ta yi gardama ba, ta sunkuya ta sa ɗaya takalmin. Amma kallon da ta yi wa uwarta kafin ta sunkuya, Elisabatu ba ta taɓa ganinsa a idon Tabita ba. Ƙwallon ya tashi daga wannan reshe ya manne a wancan.

Ranar ta Jibin Ubangiji ce, ranar da ake raba gurasa da ruwan inabi a coci don tunawa da jikin Ubangiji da aka karya. Cocin ya cika, fankoki na juya iska mai zafi. Rabaran ya yi gargaɗin da yakan yi kullum kafin a matso, cewa wanda ya san akwai wani abu tsakaninsa da maƙwabcinsa ya je ya gyara tukuna, teburin ba zai gudu ba. Sau nawa ta ji wannan magana tun tana yarinya a Wusasa? Ta bi layi. Ta durƙusa a gaban bagade tare da sauran mata, ta buɗe tafin hannu.

Rabaran yana tahowa daga dama, mai ƙoƙo na biye da shi. Saura mutum uku. Saura biyu. Hasken taga ya bugi ƙoƙon azurfar, ta hango fuskarta a jikinsa, a lanƙwashe, ƙarama. Sai wani abu ya sauko mata wanda ba ta da sunansa. Ba tsoron wuta ba ne. Ta dai gane, kamar yau ta fara ji, cewa wanda aka karya jikinsa saboda ita yana nan, ya san maganar jan biro, ya san ta ledar zogale, ya ji abin da ta faɗa a bakin gado ɗazu, kuma duk da haka ga shi yana tahowa wurinta da gurasa a hannu. Bai tsallake ta ba. Wannan ne ta kasa ɗauka. Da kora ce, da ta iya jurewa.

*Karɓi mana,* in ji muryar. *Ai don masu zunubi aka yi shi. Gobe kamar yanzu an gama komai.*

Elisabatu ta rufe tafin hannunta.

Ta miƙe. Matar da ke gefenta ta ɗago da mamaki. Ta bi ta tsakiyar coci, duk idanu a kanta, ta kamo hannun Tabita daga benci, suka fita. A bakin titi ta tsayar da adaidaita sahu.

"Nassarawa GRA. Yi sauri, don Allah."

Ta san za ta same su. Malam Mamman ya ce zai zo ya faskara reshen, Nafisa kuma takan biyo shi ran Lahadi don ranar makarantar shiru take. Ga su kuwa: shi da gatari, ita a kan benci da littafi.

"A'a, Malama! Yau ba coci?" Ya dubi fuskarta, ya ajiye gatarin. "Lafiya dai?"

Ta shirya magana a hanya, mai laushi, wadda za ta fara da "na yi mantuwa". Tana buɗe baki ta gane wannan ma wani ƙwallon ne. Ta durƙusa a kan ɓawon icen, da kayan cocinta.

"Malam Mamman, na ci amanarka. Nafisa, ƙarya na yi miki. In kika rubuta amsa kaɗai gobe, kin faɗi. Na sani tun ranar farko. Da gangan na yi, don Tabita ta samu gurbin."

Can nesa wata kurciya tana kuka.

Nafisa ce ta fara magana, a hankali. "Anti, wasa kike yi."

"Ba wasa ba ne."

"Amma kin ce aikina akwai tsabta." Sai hawaye. Ta jefar da littafin a ƙasa. "Ni fa har cewa nake yi a gida ke ce uwata ta boko!"

Malam Mamman ya juya musu baya, ya ɗauki gatari, ya ɗaga, ya sauke a kan icen da ƙarfin da ya sa guntu ya yi tsalle har kan rufin ofis. Ya ƙara. Ya ƙara. Elisabatu tana durƙushe tana jiran duk abin da zai biyo baya. In ya kai maganar gaban Hajiya, aikinta ya ƙare, ta san wannan tun a cikin adaidaita.

A sara na bakwai ya tsaya, yana haki, bai juyo ba.

"Malama, da kin yi shiru, wa zai sani?"

"Wanda ya sani ya riga ya sani."

Ya ɗaga kai ya dubi rana, irin duban manomi.

"Azahar ba ta yi ba," ya ce. "Tashi. Zanenki zai ɓaci. Maganar yafiya ki bar ni da ita tukuna, zuciya ba famfo ba ce da za a murɗa. Amma akwai sauran rana. Abin da kika ɓata a wata uku, ki ga abin da za ki iya gyarawa kafin magariba. Ke kuma share hawayenki ki ɗauki littafi, ba a fushi da rijiya ana jin ƙishi."

Aikin ya fi yadda ta zata wuya. Nafisa ba ta san hanyar da take bi ba. "Anti, ni gani kawai nake yi tara ce. Me zan rubuta?" Elisabatu ta yi bayani ta sama, ta yi ta ƙasa, yarinyar ta ƙi ko kallonta. Awa guda ta tafi a banza.

Sai Tabita ta matso ta ja littafin gabanta.

"Ke matsalarki gudu. Kawo biro. Lebura shida, kwana sha biyu. In mutum ɗaya ne zai yi aikin shi kaɗai, kwana nawa?"

"Saba'in da biyu mana."

"To rubuta, uwar gaggawa. Shi ne layin farko."

Elisabatu tana kallon 'yarta tana miƙa wa abokiyar karawarta makamin da za a kayar da ita da shi, layi bayan layi, har da zagi. Ba ita ta sa ta ba. Ta ja da baya ta zauna a kan kututturen, ta ji ƙanƙantar kanta, kamar wanda ya shiga babban ɗaki ya tarar ana wani aiki da ya fi ƙarfin saninsa.

Wajen la'asar gabas ta haɗe. Iska ta taso ta kwashi ganye, sai ga ruwan farko na shekara, manyan ɗigo masu ɗumi. Suka kwashi littattafai suka ruga baranda. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Malam Mamman ya tsaya a fili, ya cire hula, ruwa na dukan kansa, yana duban farin tabon da reshen ya bari a jikin bishiya.

Bayan mako biyu aka manna sakamako a allon sanarwa. Nafisa Mamman ta ɗaya. Tabita Martin ta biyu. Maki uku ne tsakaninsu.

Tabita ba ta yi kuka a makaranta ba, har rungumar Nafisa ta yi. Sai da suka shiga ɗaki ta kife a kan gado ta yi mai isarta. Da ta gaji ta ce, fuskarta a cikin filo, "Mama, da kin yi shiru da na ci."

"Da kin ci."

"Na sani." Ta ja majina. "Ba cewa na yi ki yi shirun ba. Faɗa kawai nake yi."

Elisabatu ta kwanta a bayanta ta riƙe ta. A watan Satumba Tabita za ta tafi sakandaren gwamnati, aji mai mutum ɗari, kuma ba wani abin al'ajabi da ya sauko ya canza wannan. Malam Mamman bai kai ƙara ba. Wata guda yana gaishe ta daga nesa, a taƙaice. Ran nan ta fito daga aji ta tarar da ledar zogale a rataye a hannun ƙofa, ba saƙo. A Jibin Ubangiji na gaba ta buɗe tafin hannunta ta bar shi a buɗe, kuma da ta koma benci aka ɗauko waƙa, sai da kuka ya hana ta kaiwa baiti na biyu.

Ranar da aka koma makaranta, tana tsaye a gindin mangwaro da rajista a hannu, sai ga Nafisa ta shigo get cikin sababbin kaya, farin hijabi, takalmi na sheƙi, jaka a baya. Kayan sun zauna mata cif. Tsawonsu ɗaya da Tabita.

Wani abu ya soki Elisabatu a ƙahon zuci, siriri, mai danƙo. *Da yanzu 'yarki ce.* Muryar nan dai, a natse, da hankali, kamar ba a taɓa rabuwa ba.

A daidai lokacin wani ɗan tsuntsu ya sauka a ƙaramin reshen da ke saitin kanta. Ya goga baki a ɓawon, hagu da dama, ya tashi. Ta matsa ta duba. Ga shi nan, bai kai ƙwayar dawa ba, yana ƙyalli.

Ta daɗe tana kallonsa. Ɗan wannan abin.

Ta sa farce ta kankare shi, ta goge a bayan rajista. Sannan ta ɗaga murya.

"Nafisa! Zo nan in gan ki da kyau. Juya mana. Kai, masha Allah. Wuce aji kar ki makara, kuma saura in ji an ce kin rubuta amsa babu aiki."